Farar da Ta Ƙi Zama a Tebur

Duk wanda ya saba zuwa shagon sinukar da ke bayan layin masu walda ya san abu ɗaya: in Aradu ya ɗauki sanda zai yi bugun fasawa, kowa sai ya nemi mafaka. Masu shan lemo su janye kwalabensu, 'yan kallo su manne da bango, mai shagon ya koma bayan ƙofa yana leƙe. Ba wanda ke tsayawa a ɗaya ƙarshen teburin, bayan jerin ƙwallaye, domin nan ce hanyar farar ƙwallo in ta tashi sama, kuma da wuya ta ƙi tashi.

Aradu mai walda ne, ƙato, marar yawan magana, kuma ƙarar bugunsa ce ta jawo masa sunan. Ƙaninsa kuwa, wanda kowa ke kira Tela, Aradu kaɗai ke kiransa Auta, siririn mutum ne mai son komai ya zauna a kan layi, irin waɗanda in suka hango maɓalli a karkace a rigar wani baƙo sai abin ya hana su sukuni har yamma. Su biyun ne abokan wasa a gasar bibbiyu da shagunan sinuka ke yi a tsakaninsu. Wanda duk ya kalli wasansu zai rantse an haɗa su ne don a gwada haƙurin Tela.

Ba wai Aradu bai iya ba ne. In ƙwallo tana kusa da shi, hannunsa yana da laushin da ba ka zata ga mai dukan ƙarfe, ya lallaɓa ta ta shige rami ko motsi ba ka ji ba. Bugun farkon nan ne kawai bala'i. Dokar gasar ta ce abokan wasa su riƙa karɓa-karɓa wajen fasawa, don haka Tela ba shi da ikon ɗauke masa. Kuma in farar ta faɗa rami ko ta bar tebur, abokan karawa ne za su ɗauke ta su ajiye inda suka ga dama, ga ƙwallaye an watsa musu ko'ina. Sau da yawa Tela bai ma samu ya taɓa sanda ba ake cinye su, yana tsaye yana shafa alli a bakin sandar da ba za ta yi aiki ba.

Farar ta fasa gilashin firij, washegari Aradu ya zo da injinsa ya yi wa firij ragar ƙarfe. Ta fasa ƙwan fitila, ya yi wa fitila raga. Ta fasa taga, ta tsayar da agogon bango, duk ya bi su da raga, aiki mai kyau kuwa, har da fenti. Shagon ya koma kamar kejin kaji, mutane suna dariya, shi ma mai shagon yana taya su, har ranar da farar ta tsallake bangon tebur, ta daki ragar firij, ta dawo ta same shi a tsakiyar goshi.

Da aka zaunar da shi aka ɗora masa kwalbar ruwan sanyi a wurin, sai ya yafito Tela da hannu.

"Zo nan, Tela. Ka ga goshin nan nawa? Shi ba a yi masa raga."

"Ka yi haƙuri, tsautsayi ne."

"Tsautsayin da ke zuwa kullum ai ya zama ɗan gida. Ka saurare ni da kyau. Wasan Asabar a nan za a yi shi, ga baƙi za su cika min shago. In farar nan ta sake barin teburina a hannun yayanka, ya gama taɓa sanda a nan, har abada. Kai kuma ka nemi wani abokin. Ga Direba can, kullum sai ya roƙe ni in haɗa ku."

Direba yana gefe yana kallon silin, wai shi bai ji ba.

Gaskiyar magana, zuciyar Tela ta ɗan yi tsalle da ya ji sunan Direba, domin Direba mutum ne da fararsa ke tsayawa inda ya ce ta tsaya. Sai kuma kunya ta kama shi. Tun da mahaifiyarsu ta rasu kowa ya kama gidansa, shi a wannan gefen gari, Yaya a wancan. Yaya ba mai ziyara ba ne, ba mai kiran waya ba ne, in ka kira shi ma gaisuwa ce sai shiru. A bakin teburin nan kaɗai suke haɗuwa, a nan Tela ke jin ɗan Yaya ya fara tafiya, a nan Yaya ke jin keken ɗinki ya sake lalacewa. In aka kori Yaya daga shagon nan, Tela ya san sai dai su riƙa haɗuwa a wurin rasuwa. Ya ji haushin mai shago, ya ji haushin Yaya, ya ji haushin kansa da ya yi murnar Direba.

"Ka ba mu shagon da rana kafin mutane su zo," ya ce. "Zan gyara shi."

"Ku yi ta gyaranku. Amma sai na fita."

Koya wa yayanka abu ba ƙaramin aiki ba ne, balle abin da shi ya fara koya maka. Tela ya zo da tsohon bargo ya rataye a bayan tebur don ya riƙa tare farar. Ya zo da zare ya miƙe shi daga farar har zuwa ƙwallon da ke goshin jeri, don Yaya ya ga layin da idonsa. Sai ya fara da lallami, yana zagaye maganar yadda yake yi wa mai ɗinki in tumbinsa ya ƙaru.

"Yaya, a ganina fa, ba ƙarfi ne ke fasa jeri ba. In ka daki ta gaban nan a tsakiyar fuskarta, duk ƙarfin zai shige cikin jeri, farar ta tsaya cak a tsakiyar tebur. In ka goge ta ta gefe kuwa, ƙarfin yana nan a jikin farar, shi ya sa take gudu."

"Uhm."

"Kuma gindin sandar ya kwanta. In ka ɗaga shi, ƙasa kake dannan farar, sai ta yi tsalle tun kafin ta isa. Bakin sanda ya same ta a cibiya, ko ƙasa da cibiya kaɗan. Ka rage ƙarfin nan, Yaya, don Allah. Rabi ma ya isa."

"In na rage ƙarfi, wa zai kira ni Aradu?"

"Su kira ka duk abin da suke so, in dai kana cikin shagon."

Aradu ya sunkuya. Wallahi tsayuwarsa ba ta da aibu. Ƙafa a inda ya dace, haɓa a kan sanda, sandar a kwance tana zuwa tana komawa a kan zaren sumul. Tela har ya fara murmushi. Sai aka ji ƙara, bargo ya yi tsalle, farar ta gangaro ƙasa tana neman ƙarƙashin firij.

Tela ya ɗauko ta ya juya ta a hannu. Bakin sanda yakan bar ɗigon shuɗin alli a inda ya daka, kuma kafin bugun ya sa ɗigon allin ɗinki a daidai cibiyarta. Shuɗin yana can sama, ya kuma karkata dama. Ya goge, ya sake ɗigawa, suka sake. Shuɗin ya sake fitowa a wurin nan dai, kamar an auna.

Haka suka yi ta yi har rana ta yi sanyi. Washegari ma haka. Tela ya rufe shagonsa da tsakar rana, ya bar rigunan mutane a yanke ba a haɗa ba, yana nan yana rarrafe a ƙarƙashin firij. Ya kalli ƙafar Yaya, ba laifi. Ya kalli gwiwar hannu, ba laifi. Ya kalli yatsun da ke tallafe da sanda, ba laifi. Komai daidai har zuwa ƙiftawar ƙarshe, sannan kafaɗar dama ta yi sama, gindin sanda ya bi ta, shi ke nan. Ya ce a riƙe kafaɗar, Yaya ya ce to. Ya ce a saki hannun, Yaya ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ta fi ƙona masa rai, domin da Yaya musu yake yi da ya samu wanda zai yi faɗa da shi.

Da farar ta tsallake har bargon ta daki ragar agogo, haƙurin Tela ya ƙare. Ya finciko zaren ya jefar.

"Haba Yaya! Ga zare, ga ƙwallo, ga tsakiya! Abin da ko makaho zai lalubo! Wai kai ba ka gani ne?"

Aradu ya miƙe a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya mayar da sandar ma'ajinta, ya karkaɗe allin hannunsa a wando.

"Da na fara kawo ka wurin tebur, sai da na sa maka akwatin lemo ka taka kafin haɓarka ta kai," ya ce. "Ban taɓa yi maka tsawa ba."

Ya fice. Washegari Tela ya zauna a shagon shi kaɗai da bargonsa yana jira, Yaya bai zo ba. Direba ne ma ya leƙo, wai wucewa yake ya ce bari ya gaisa.

Ba don ransa ya so ba Tela ya nufi layin masu walda, yana tafe yana haɗa kalmomin ban haƙuri yana warwarewa, domin har yanzu a ganinsa shi ke da gaskiya. Ya tsaya a tsallaken titi don ya huce tukuna. Yaya yana durƙushe a gaban wata ƙofar ƙarfe da aka kwantar a ƙasa, yana ɗiɗɗiga walda a mahaɗai kafin ya bi su gaba ɗaya. Gilashin kare ido yana can rataye a ƙusa, ƙura ta lulluɓe shi. Masu walda da yawa haka suke, wai ɗigo ɗaya bai kai a ɗauko gilashi ba.

Tela ya zuba ido. Yaya ya saita bakin sandar walda a mahaɗa, ya daidaita ta sarai, hannu ko rawa babu. Sannan, daidai lokacin da wuta za ta tashi, ya runtse ido, ya kawar da fuska hagu, kafaɗar dama ta yi sama. Tartsatsi ya watsu. Ya matsa gaba, ya saita, ya runtse, ya kawar da fuska, kafaɗa ta yi sama.

Kafaɗar nan ce. Ita ce dai wadda ta hana Tela barci.

Sai da ya dafa sandar fitilar titi. Shekara da shekaru jikin Yaya ya haddace cewa in ka gama saiti, abu mai ƙarfi zai tashi, to kawar da ido. A ƙananan bugu ba ya yi, domin babu abin da zai tashi. A fasawa kaɗai yake yi. Kuma dalilin da ya sa ba wanda ya taɓa lura, har shi Tela mai zare da alli, shi ne a daidai wannan ƙiftawar kowa a shagon ya riga ya sunkuyar da kansa. Shi ma kafaɗar kawai yake hangowa ta ƙarƙashin hannunsa.

Ya tsallaka titi har mai babur yana zaginsa. A bakin rumfar ya ci karo da matar Yaya, ta kawo abincin rana a kwano.

"A'a, Auta, yau kai ne a layinmu? Ina rigata da ka ce sati ɗaya?"

"Tana nan, saura hannu."

"Tun bara saura hannu. To tunda ka zo, ka yi wa yayanka faɗa, ni na gaji. Kullum sai na jiƙa tsumma na ɗora masa a ido kafin ya samu ya runtsa. Shekaranjiya shayi yake zubawa a gefen kofi, ina magana ya ce kofin ne ya matsa."

"Zan yi masa, zan yi masa," in ji Tela, alhali ko rabin maganar bai ji ba. Abin da ya gano ya cika masa kai. Ya wuce ta ya durƙusa a gefen ƙofar ƙarfen.

"Yaya, na yi kuskure, ka yafe min. Bakina ne. Amma wallahi na gano ta. Rufe ido kake yi."

"Ni?"

"Kai. Yadda kake yi wa walda haka kake yi wa farar."

Aradu ya kalli sandar waldan hannunsa, sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya yafe ba. Ya dai ce gobe zai zo.

Ya zo kuwa, ranar jajibirin wasan. Tela ya ja kujera ya zauna a gefen tebur inda zai riƙa kallon fuskarsa, ya ɗaure zuciya ya ƙi sunkuyawa. Bugun farko Yaya ya runtse. Na biyu ya runtse. Can ya samu ya riƙe idon a buɗe, sai ga sanda ta tafi a kwance, farar ba ta tashi ba. Tela ya miƙe zai yi ihu, sai ya ga ta gogi ƙwallon gaba ta gefe, ta kwana ta zarce ramin tsakiya. Aka sake jerawa. Ta gogi ɗaya gefen, ta faɗa ɗaya ramin. Aka sake, idon ya koma ya runtse, bargo ya yi tsalle.

Tela ya ji kamar ya ciji teburin. Ya toshe wannan ɓaraka ga wata ta buɗe, gobe-goben nan kuma wasa. Ya tuna abin da bakinsa ya jawo masa, ya haɗiye tsawar.

"Yaya, buɗe idon ba shi ne kawai ba. Ka kafa shi a kan ta gaban. In kana kallonta ba zai rufe ba. Ga ta can, ja, ita kaɗai a gaba."

Aradu bai ɗago daga kan sandar ba.

"Na buɗe, Auta."

"To ka kalle ta mana."

"Na ce maka na buɗe. Ina ganin farar. Ina ganin koren ƙyalle har wajen ramin tsakiya. Daga nan kuma sai wani hayaƙi, ja da rawaya a cakuɗe. Ban san wacce ce a gaba ba. Idon da ba shi da abin kallo kuwa, rufe kansa yake yi."

Fankar silin tana ta juyawa a cikin ragarta. Tela ya tuna kofin shayi, ya tuna jiƙaƙƙen tsumma, ya tuna kalmar makaho da ya jefa wa yayansa a wannan ɗakin.

"Tun yaushe?"

"An daɗe. Da can ina ganinta dishi-dishi. Da ta ɓace sai na ƙara ƙarfi, na ce ko'ina na daka dai za su watse." Ya miƙe yana murza ido da bayan hannu. "Kada ka gaya wa mai shago. Kada ka gaya wa matata. In masu kawo aiki suka ji, ka san sauran. Ka ɗauki Direba kawai, ni zan ce hannuna ke ciwo."

Tela ya tsaya a ƙarshen tebur yana naɗe zarensa, yana jin wani irin takaici da bai san wa zai ɗora wa ba. Kwana da kwanaki yana gyaran kafaɗa da gwiwar hannu, ashe gyaran ba a nan yake ba.

"Yaya, ni kana ganina daga nan?"

"Ina ganin farin abu a tsaye. Na san kai ne saboda ba wanda ya kai ka rama."

Tela ya kalli farar rigar da ke jikinsa. Ya kalli jerin ƙwallaye a gabansa. Ya ce wa Yaya ya zo gobe da sandarsa, in kuwa bai zo ba shi ma ba zai buga ba, sai dai Direba ya yi wasa da firij.

Da ya koma shagonsa ya ture rigunan mutane gefe, har da ta matar Yaya mai jiran hannu. Ya cire farar rigarsa, ya yanko baƙin ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ya ɗinka shi a gabanta tun daga wuya har ƙasa. Sai da ya auna tsakiyar da tef, ya sake aunawa, kafin ya taka keke.

Ranar Asabar da yamma shagon ya cika har bakin ƙofa. Baƙin da za a kara da su, wasu 'yan'uwa biyu masu gyaran waya, masu wasa a natse kamar suna kwance sukurori, sun zo da magoya bayansu. Mai shago yana bayan ƙofa, goshinsa bai gama saɓewa ba. Tela ne ya fasa wasan farko, farar ta zauna a tsakiya, suka cinye. Baƙin suka fasa na biyu suka rama. Na uku, wanda zai raba gardama, fasawar Aradu ce.

Nan da nan aka fara janye kwalabe. 'Yan gida suka ja baƙi gefe suna yi musu bayani. Bayan jeri ya zama fili fetal.

Tela ya cire rigarsa ta sama ya rataye a ragar taga. Ya taka ya shiga filin nan, ya tsaya a bayan jeri. Ya rufe ido ɗaya ya auna, ya ɗan matsa hagu, har baƙin layin rigarsa da ƙwallon gaba da farar suka hau layi ɗaya. Sannan ya sa hannuwansa a baya.

"Kai Tela, wannan wace irin riga ce? Alkalin wasa ka zama?"

"Tela, matsa daga nan," in ji mai shago daga bayan ƙofa. "Ba ni da motar kai mutum asibiti."

"Nan nake so in tsaya."

Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaya ko doka ta yarda. Aka ce doka ba ta hana mutum tsayawa inda yake so ba, in dai bai taɓa tebur ba kuma ya gaji da haƙoransa. Aka kwashe da dariya.

Aradu bai yi dariya ba. Ya sunkuya, ya sake miƙewa.

"Auta, matsa."

"Ba zan matsa ba, Yaya."

"Na ce ka matsa."

"Yau kam ba zan ji maganarka ba." Ya rage murya yadda hayaniya za ta rufe. "Akwai baƙi a tsakiyar farin, kana ganinsa?"

"Ina gani."

"Shi za ka nufa. In ka kawar da fuska, bakina ne a nan."

Tela ba jarumi ba ne, allurar keke ma in ta soke shi sai ya yini yana nuna wa mutane yatsan. Duk jikinsa yana ce masa sunkuya. Ya ƙi. In ya motsa layin ya motsa. Don haka ya tsaya ƙyam, kuma a karon farko tun da suka fara wasa tare ya kalli fuskar yayansa daga gaba, a kan sanda. Idanun jajur suke, a buɗe tar, ruwa yana taruwa a cikinsu yana gangarowa gefen hanci, suna lalube a cikin hayaƙin nan har suka same shi suka tsaya. Tausayi ya kama Tela har ya manta da haƙoransa.

Sandar ta je ta dawo, ta je ta dawo. Sai ta wuce.

Ƙarar ba ta kai rabin wadda aka saba ji ba, domin ba mai sakin duk ƙarfinsa alhali ƙaninsa na tsaye a hanya. Farar ta daki ta gaba a tsakiyar fuska, ta ɗan ɗaga kamar faɗin yatsa, ta sauka, ta ja baya kaɗan ta tsaya a tsakiyar tebur. Jeri ya buɗe ta ko'ina, wata ja ta gangara a hankali ta faɗa ramin kusurwa.

Mutane suka ɗago kai ɗaya bayan ɗaya suna duba ragar firij, suna duba bakin Tela. Mai shago ya fito daga bayan ƙofa ya leƙa tebur, ya ga farar, ya shafa goshinsa.

"Wannan ai ba aradu ba ce," wani ya ce, "atishawa ce."

Aradu ya zagayo yana goge fuska da hannun riga, ana tsammanin zufa ce. Da ya zo daidai Tela ya sunkuya kamar mai duba ƙwallo.

"Me ya shiga?"

"Ja, Yaya. Mu ne jajaye."

Daga nan Aradu ya bi na kusa da shi yana lallaɓa su ɗaya bayan ɗaya, baƙin suka yi nasu, wasa ya zo ya tsaya a kan baƙar ƙwallo, a bakin rami, bugun Tela. Bugu ne da yake ci ko daga barci aka tashe shi. Amma hannun da ya ɗaure a baya ɗazu bai daina rawa ba. Ya saita, sandar tana kaɗawa, ya buga, baƙar ta daki leɓen rami ta dawo ta zauna wa baƙi a inda suke so. Suka cinye.

Tela ya tsaya da sanda a hannu, haushi kamar ya haɗiye allin. Duk wahalar nan, rigunan mutane a yashe, rarrafe a ƙarƙashin firij, a ƙarshe shi ne ya zubar. Direba yana can yana gaya wa na kusa da shi yadda da shi ne zai buga ta.

Wani ƙaton hannu ya sauka a kafaɗarsa.

"Haba Auta," in ji Aradu, yadda kowa zai ji. "Ga rami, ga ƙwallo. Wai kai ba ka gani ne?"

Shagon ya ɗauki dariya, har mai shago, wanda ya karɓi sandar Aradu da kansa ya mayar da ita ma'ajinta na kullum, ya ce Talata akwai gwaji, kada su makara. Tela ya so ya ji haushi, abin ya ƙi.

A waje, da za su rabu kowa ya nufi gefensa na gari, Aradu ya kama baƙin ƙyallen rigar da yatsu biyu yana murzawa.

"Ka adana ta. Za mu sake buƙatarta."

"Litinin ma za mu buƙace ta. Da safe zan zo mu je asibitin ido."

"Ina da ƙofar mutane da ban gama ba."

"Ni ma ina da rigar matarka. Su jira. Zan tsaya a tsallaken titi, daidai sandar fitila."

Aradu ya buɗe baki zai yi musu, ya fasa. Ya juya ya kalli titin da zai tsallaka, motoci suna wucewa, ya ɗan jima a tsaye fiye da yadda ya kamata. Tela ya ga haka. Ya sauka daga kan dakali ya shiga gabansa da farar rigar, Yaya ya biyo shi.